Yadda Ake Zana Giraf ɗin Daidaiton Sinadarai da Karanta Shi a Jarrabawa

Ɗalibai da yawa masu shirin WAEC da NECO sun haddace ƙa'idar Le Chatelier tsaf, wato cewa in an taɓa haɗin da ke kan daidaito zai karkata ta ɓangaren da zai rage tasirin taɓin, amma da an ajiye musu giraf sai kai ya ɗaure. Abin yana damuna, domin maki ne masu arha ake bari suna zubewa.

Mu ɗauki haɗin da ke samar da amoniya, wadda da ita ake yin takin yuriya da manoma ke sa wa masara: N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃, wato naitrojin (N₂) da haidrojin (H₂) su ba da amoniya (NH₃), ita ma tana komawa gare su.

Kafin ka ɗora fensir, duba abin da aka rubuta a layin tsaye. Na kwance dai lokaci ne. Na tsaye kuwa ko yawan sinadari ne a kowace lita, ko saurin haɗuwa, kuma nan ake yawan tuntuɓe. A giraf ɗin sauri, dole layin gaba (samuwar amoniya) da na baya (wargajewarta) su haɗu su tafi tare, don daidaito shi ne saurin ɓangarorin biyu ya zo ɗaya. A giraf ɗin yawa babu wannan dolen, kowane layi kwantawa yake yi a inda ya kai. Kwanciyar ma ba ta nufin aiki ya tsaya. Kamar kasuwa ce da masu shiga da masu fita suka zo daidai: ƙofa ba ta huta ba, amma yawan mutanen ciki bai sauya ba.

Sai zane. A ce an fara da mol 1.0 na N₂ da 3.0 na H₂ a lita ɗaya (mol shi ne ma'aunin yawan sinadari), babu amoniya ko kaɗan. Layin NH₃ daga sifili zai tashi, sauran biyun su gangaro. Kowanne ya fara da tsini, sannan ya riƙa lanƙwasa a hankali. Lambobin da ke gaban sinadaran su ne ma'auninka: in N₂ ta sauka da 0.2 ta tsaya a 0.8, to H₂ za ta sauka ninki uku, wato 0.6, ta tsaya a 2.4, NH₃ kuma ta hau zuwa 0.4. Ƙirga gidajen takardar giraf ɗin da bakin fensir, kada ka yi kintace. Dukkan layukan a lokaci guda za su kwanta. Ja layin ɗige-ɗige a wurin, ka rubuta sunan kowane sinadari a jikin layinsa.

Tambayar da ta fi zuwa ita ce: me aka yi wa haɗin a lokaci kaza? Siffar layin ce za ta gaya maka. In layi ɗaya ne kawai ya yi tsalle sama a miƙe, wannan sinadarin aka ƙara. Bayan tsallen zai riƙa sauka, sai dai ba zai koma matsayinsa na da ba. In duka ukun suka yi tsalle tare, an rage girman mazubi ne, matsi ya ƙaru, daga nan haɗin zai karkata ga amoniya, tunda mol 4 na iskar gas ke komawa 2.

In kuwa babu tsalle, layukan sun dai fara lanƙwasa sannu a hankali, zafi aka taɓa. Wannan haɗin yana fitar da zafi, kimanin kilojul (kJ) 92, saboda haka ƙarin zafi rage amoniya yake yi. Zafi kaɗai ke sauya Kc, wato lambar da ke nuna inda daidaiton haɗin yake tsayawa. Riƙe wannan da kyau.

Ƙarfen da ake sawa don hanzarta aikin ba ya ƙara amoniya ko ƙwaya. In an ce ka nuna tasirinsa, zana layin da ya fi saurin hawa, ya kwanta da wuri, amma a kan 0.4 ɗin nan dai.