Farin layin tsakiyar kwalta: yaushe za ka wuce tirela?

Hanyar Garwa zuwa Ngaundere a ƙasar Kamaru hannu biyu ce kawai, na zuwa da na dawowa. Tirelar auduga in ta kama hawan dutsen da ke kafin Ngaundere tana jan ciki, sai motoci su yi jerin gwano a bayanta. A nan haƙuri ke ƙarewa, a nan ake yin gaba-da-gaba.

Fara duba fentin tsakiya. Layi miƙaƙƙe wanda bai yanke ba, kada tayarka ta hau shi. Ana shafa shi a kwana, kan tudu da bakin gada, inda ido ba ya kaiwa nesa. Mai tsinke-tsinke ya ba ka izinin wucewa ta hagu, amma bai ce hanya ta buɗe ba. In layi biyu ne a jere, na ɓangarenka za ka bi. Kibiyoyi masu lanƙwasa zuwa dama kuwa cewa suke koma hannunka, miƙaƙƙen layi na tafe.

Ga lissafin da direbobi da yawa ba sa yi. Tirela mai tsawon mita 18 tana gudun kilomita 60, kai kana 90. Kafin ka fita, ka wuce ta, ka koma da tazara, za ka ci daƙiƙa 8 zuwa 9, wato sama da mita 200. Mai tahowa ma zai cinye kamar haka. Saboda haka in ba ka hango rabin kilomita wayam ba, zauna a bayanta.

Kada ka manne wa tirela, jikinta zai rufe maka gaba. Ja baya, duba madubi, sa sigina, sauke giya ɗaya don mota ta yi ƙarfi, sannan ka fita. Kada ka koma dama sai ka ga kan tirelar a madubin ciki. Hannun da yaron mota ke miƙo maka ba idonka ba ne.

In fentin ya koma mai tsinke-tsinke, mota ɗaya-ɗaya ake fita, na gaba shi ne farko. In uku suka fita tare, na ƙarshe ba shi da wurin komawa, sai birki, jerin duka ya tsaya. Wanda ake wucewa kuma kada ya ƙara wuta.

Inda fenti ya goge, ko hazo ya sauka, ɗauki kowace kwana kamar da miƙaƙƙen layi a kanta.