Yadda Nake Karanta Littafin Labari Mai Tushe a Tarihi

Ina sakandare aka ba mu littafin Shaihu Umar, na karanta shi kamar tatsuniya, na rubuta jarrabawa na ajiye. Sai da na girma, wata rana kakata tana tsince shinkafa a faifai, ta ce min ai tata kakar ma a bakin rafi mahara suka ɗauke ta tana yarinya, ba ta ƙara ganin garinsu ba. A daren nan na nemo littafin na sake buɗewa, jikina ya yi sanyi. Tun daga lokacin na canza yadda nake karanta irin waɗannan littattafai.

Kafin ka shiga labarin, fara sanin wanda ya rubuta shi da lokacin da ya rubuta. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar ne don gasar ƙagaggun labarai da Rupert East, wani Bature jami'in ilimi, ya shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934. An haife shi a 1912, ka ga ke nan saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, yana koyarwa a Bauchi. A lokacin waɗanda suka ga cinikin bayi da idonsu suna nan da ransu, yana haɗuwa da su a kasuwa da masallaci. Wannan shi ya sa nake ɗaukar abin da ya faɗa a kan bauta da nauyi.

Sai ka samu fensir da takarda, ka raba ta biyu. Gefe ɗaya sunayen garuruwa da abubuwan da suka faru, ɗaya gefen mutanen da marubuci ya ƙirƙira. Umar da mahaifiyarsa da mijinta Makau ƙirƙira ce. Amma Kano da Murzuk da Tarabulus garuruwa ne na gaske. Buɗe taswira a wayarka ka nemo Murzuk a kudancin Libiya, ka ɗora yatsa a Kano ka ja shi zuwa can, ka ga faɗin hamadar da ke tsakani. A da, nan ayari yake bi da raƙuma, wata da watanni. Idan ka zo wurin da uwar Umar ta fita neman ɗanta da aka sace har ita ma ta faɗa hannun masu bayi, to ka san wace irin ƙasa ta taka. In kana Kano, ka shiga Kasuwar Kurmi da littafin a aljihu, domin tana cikin inda fataken Sahara suke sauke kaya a da.

Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito daga wannan gasa, ya fi son a yi masa wannan aiki, don gaskiya da almara a cakuɗe suke a cikinsa. Rubuta shekarun nan a gefen shafi: Turawa sun ci Kwantagora a 1901, suka shiga Kano a Fabrairun 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu a yaƙin Burmi a Yulin 1903. Da su za ka auna farkon littafin. Daga inda Ganɗoki ya shiga duniyar aljannu kuwa, ajiye fensir ka sha labari kawai. Ka kuma riƙe a ranka cewa ofishin gwamnatin mulkin mallaka ne ya buga littafin, saboda haka in ka ga ana yabon sabon zamani a ƙarshe, ka karanta da lura.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne ka kai littafin wajen tsofaffi. Kada ka tambaye su tarihi kai tsaye, sai su ce ai su ba su yi boko ba. Karanta musu shafi ɗaya da murya, ka yi shiru. Da na yi wa baffana haka da babin sace Umar, ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗana, ka san dalilin da ya sa tsohon garinmu yake kan dutse?" Muka kai har kiran sallar isha'i yana ba ni labarin ganuwar garin da ƙofarta, ni kuwa ina rubutawa a bayan littafin.