Matakan da Ƙungiya Za Ta Bi Kafin Ta Kai Koken Jama'a Gaban Hukuma

Da farko, ku yi wa ƙungiyarku rajistar amintattu, wato mutanen da za su riƙe amanar ƙungiya, a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, kamar yadda dokar kamfanoni ta 2020 (CAMA) ta tanada, sannan ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, wanda sai mutum biyu sun sa hannu kafin a fitar da ko kwabo.

Bayan haka ku zaɓi matsala guda ɗaya ku tsaya a kanta, domin ƙungiyar da ta haɗa ruwa da makaranta da asibiti a takarda ɗaya takan dawo hannu rabbana.

Mataki na uku shi ne tattara hujja, kuma a ganina nan ne ƙungiyoyinmu na Daura suka fi rauni. Idan rijiyar burtsatse ce ta lalace, ku je da littafi ku rubuta ranar da ta tsaya, ku ƙirga gidajen da ke ɗiban ruwa a wurin, ku ɗauki hoton yara da jarkoki a layi, ku kuma tambayi 'yan garuwa nawa suke sayar da jarka yanzu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar bayani, saboda haka ku nemi bayanin kuɗin aikin a rubuce.

Kada ku tsallake mai unguwa da dagaci da hakimi kafin ku je ƙaramar hukuma ko Majalisar Dokokin Jihar Katsina.

Daga ƙarshe, ku naɗa mai magana guda ɗaya, ku miƙa wasiƙa, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku, sannan sakatare ya rubuta ranar da za ku koma bibiya.