Cajin waya ba ya jimawa? Ga inda ake yawan yin kuskure

Jama'a, kafin mutum ya ce batir ɗin wayarsa ya mutu ya ruga kasuwa sayen wani, ya dakata tukuna. Sau da yawa batir lafiyarsa lau, yadda muke riƙon wayar ne ke cinye shi, musamman a nan Maradi inda zafi da ɗauke wuta suka haɗu mana.

Zafi shi ne babba, kuma shi aka fi rainawa. Batir ɗin wayoyin yanzu na lithium ne, ba ya shiri da zafi ko kaɗan, kamfanin Apple ma cewa ya yi a yi amfani da waya a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu ana haura 40 a cikin inuwa ma. To sai ka ga ɗan kabu-kabu ya ɗaure waya a kan moto tana shan rana tun hantsi, ko mai shago ya jona ta caji a taga ƙarƙashin rufin kwano, ko a tura ta ƙarƙashin matashin kai da dare tana caji cikin rigarta ta roba mai kauri. Illar zafi ba ta tsaya ga cajin ranar kawai ba, ƙarfin batir ɗin take ragewa kuma ba ya dawowa. Gyaran ba kuɗi: in za ka yi caji cire mata riga, ajiye ta a inuwa a kan siminti ko tebur, in ka taɓa bayanta ka ji ta ɗau zafi cire ta ta huce. Amma don Allah kar a saka ta a firijo, na san masu yin haka, raɓa ce za ta taru a cikinta ta lalata abin da ya fi batir tsada.

Daga nan sai kallo ana caji. Na fahimci dalili, wuta ta dawo bayan an daɗe ana jira, kowa na so ya cika waya kuma yana so ya ga abin da ya wuce shi a TikTok. Sai dai caji na kawo zafi, bidiyo ma na kawo zafi, ka haɗa mata biyu ke nan. Ka ba ta ko minti 40 ta sha caji ita kaɗai, za ta fi saurin cika ma.

Rezo kuwa mutane ƙalilan ne ke kawo shi a lissafi. In rezo ya yi rauni waya ƙara ƙarfi take yi tana neman eriya, kamar mai ƙwala kira ga wanda ke nesa, kuma batir ne ke biya. Shi ya sa wanda ya tafi ƙauye wajen Dakoro ko Mayahi, ko ya kama hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, zai ga caji ya zube alhali ko kira bai yi ba, ga shi yawancinmu layi biyu ne a waya, wani ma da sim ɗin Najeriya a ciki wanda ba ya kamawa sai an kusa iyaka, yana nan yana ta nema dare da rana. Kashe sim ɗin da ba ka amfani da shi a saitin waya. In kana inda 4G ke zuwa yana tafiya, mayar da ita 3G ko 2G in kira kawai kake jira, in kuma babu rezo sam danna alamar jirgin sama har ka iso gari. Raba koneksiyo da abokai ma yana cin caji sosai, in an gama a kashe.

Hasken gilashi a bayyane yake, shi ya fi komai ci a yawancin wayoyi. A rana dole a ƙure shi, kuskuren shi ne a shigo ɗaki a bar shi haka. Saka shi ya riƙa daidaita kansa, lokacin mutuwar gilashi kuma ka mayar da shi sakan 30. Mayar da fuskar waya baƙin launi yana rage ci a wayoyi masu gilashin AMOLED, wato irin gilashin da ke kashe haske a duk inda yake baƙi, a masu LCD kuwa, irin yawancin ƙananan Itel da Tecno, bambancin ba wani abin kirki ba ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne aplikasiyon nan masu cewa suna share waya ko sanyaya batir. Wallahi a cire su. Babu manhajar da za ta sanyaya ƙarfe, su kansu aiki suke a ɓoye suna zuba talla, suna cin mega suna cin caji. Haka al'adar share duk abin da ke buɗe kowane minti biyar, Android ya san yadda yake kwantar da su, in ka kashe WhatsApp ka sake buɗewa daga farko ya fi cin wuta. Abin da ya kamata shi ne ka shiga saiti wurin batir, akwai jerin da ke nuna wa ya ci kashi nawa. In ka ga wata aplikasiyo da ba ka buɗe ba tana sama, taƙaita mata aiki a bayan fage ko ka goge ta. A WhatsApp kashe saukar hotuna da bidiyo kai tsaye, guruf ɗin dangi da na unguwa kaɗai sun isa su hana waya barci. Facebook Lite ma ya fi sauƙi ga ƙaramar waya.

Akwai kuma maganar da muka gada tun zamanin tsofaffin Nokia, wai sai waya ta mutu murus kafin a yi caji, sabuwa kuma sai ta kwana a wuta. Wancan na tsohon batir ne na nickel. Na yanzu ya fi son zama tsakanin kashi 20 da 80, saukarsa zuwa sifili kullum shi ke tsufar da shi. Na san da yanayin wutarmu wani lokaci dole ka cika 100 saboda ba ka san yaushe za ta dawo ba, ba laifi, cika abinka, sifilin ne dai a guje masa, ko kana 60 ka samu wuta jona.

Caja ta araha ita ma tana da nata. Wadda ba ta da nauyi a hannu, kanta na zafi kamar zai narke, ko gilashi ya riƙa danna kansa in an jona, a rabu da ita. Wani lokaci igiyar ce kawai ta gaji, ko ƙurar hunturu ta toshe bakin caji, sai a kashe waya a share a hankali da tsinken sakace, ban da allura. Masu kai caji shago, tafi da cajarka.

In duk an yi wannan amma waya na faɗowa daga 40 zuwa 10 lokaci guda, ko tana mutuwa da sauran caji, to batir ɗin ya gaji da gaske, dama bayan cika da ƙarewa kamar sau 500 ƙarfinsa kan ragu zuwa wajen kashi 80. Wanda ya kumbura har ya ɗaga bayan waya ko gilashi kuwa haɗari ne, kar a danna shi, kar a huda shi, kar a ƙara jona shi, a kai wa mai gyara ya cire. Ka ce ya nuna maka sabon kafin ya saka, ka duba lambar da ke jikinsa ta yi daidai da ta tsohon.