Yadda Ake Gane Hannun da Ya Zana Tsohon Hoto

A Katsina ba a rasa dattijon da zai ɗaga babbar riga, ya dubi aikin da ke wuyanta, ya faɗi maɗinkin da ya yi ta. Da irin wannan ido ake soma binciken hotunan mutane da aka zana a Italiya a ƙarni na 15 da na 16, zamanin da gwani ke aiki tare da almajiransa, kuma ba kasafai yake rubuta sunansa a jikin hoto ba.

Da farko ka kawar da kai daga ido da baki, domin nan mai kwaikwayo ke zuba ƙwarewarsa. Ka dubi kunne da farce da lanƙwasar yatsu. Wannan ita ce dabarar Giovanni Morelli, wani masanin zane ɗan Italiya wanda ya rasu a 1891, kuma hujjarsa ita ce hannu yakan koma ga sabonsa a inda mai shi bai mai da hankali ba.

Daga nan sai a gwada fentin. Launin da ake kira shuɗin Furushiya bai samu ba sai farkon ƙarni na 18, saboda haka in aka same shi a shafen asali, magana ta ƙare: hoton ba na wancan zamanin ba ne.

Matakin da na fi ba muhimmanci shi ne bin silsilar waɗanda suka mallaki hoton, kamar yadda ɗalibin hadisi ke bin isnadi. Hoton Paparoma Julius II da Raphael, fitaccen mai zane ɗan Italiya, ya zana wajen 1511 ya daɗe a gidan adana zane na ƙasa da ke Landan ana ɗaukarsa kwaikwayo, har zuwa shekarun 1969 da 1970 da aka haska cikinsa da na'ura aka kuma wanke shi. Sai ga siffofin mabuɗai a ƙarƙashin koren labulen da ke bayan Paparoman, alamar mai zanen ya sauya shawara yana cikin aiki, abin da mai kwafa ba ya yi, tun da shi gamammen aiki yake kallo. A kusurwar ƙasa kuma aka ga lamba 118, wadda ta yi daidai da rajistar kayan gidan Borghese na Roma, wasu manyan attajirai da suka taɓa mallakar hoton.

In hujjojinka ba su kai haka ƙarfi ba, kada ka rubuta sunan gwanin kai tsaye. Ka rubuta cewa aikin ya fito daga shagonsa, ko kuwa na mabiyansa ne, sannan ka bayyana dalilinka.