Yadda ake alkaki a gida, wanda ba ya tauri kuma ba ya watsewa a mai

Yawancin ƴan matan da na ga sun gwada alkaki a nan Damagaram, tun a wurin mai injin niƙa aikinsu ke lalacewa, su kuma sai su ɗora laifin a kan wuta ko sukari. Alkaki da ƙwayar alkama ake yinsa, ba da garin fulawa na buhu ba, kuma ɓarzawa ake yi, ba a niƙe ta lukui.

In gwaji ne ki sayi rabin tiya, tiya guda ta yi wa mai koyo yawa. Masu hatsi a Kasuwar Dole suna da ita, ran Alhamis da kasuwa ke ci kin fi samun zaɓi. Ki tsince, ki wanke, ki shanya ta bushe ƙarau. Kada ki aiki yaro inji, ki je da kanki ki tsaya, ki ce ɓarzo kike so mai ɗan laushi, tsakanin gari da tsaki. Ki kuma tambaya me aka niƙa kafin naki, don alkama tana ɗaukar warin barkono nan da nan.

To ga inda aikin yake. Ki juye ɓarzon a roba mai faɗi, ki zuba man gyaɗa ludayin miya 3, tun kafin ruwa ya taɓa shi. Ki yi ta murzawa tsakanin tafin hannuwanki har ko'ina ya sha mai, babu wani wuri da ya rage fari. Ki damƙi kaɗan: in ya tsaya a dunƙule, kina dangwala masa yatsa ya wargaje, ya yi. Mai in ya yi kaɗan, alkaki zai fito da taurin da sai an sa turmin haƙori. In ya yi yawa kuma, yana shiga kasko zai watse, ki yi asarar alkama da man suya gaba ɗaya. Murzar nan tana gajiyar da hannu, shi ya sa ake yanke ta, amma ita ke kawo garɗin da ake nema a bikin da aka ce alkakin gara ya yi kyau.

Sai nono mai tsami ludayi 2 da ɗan gishiri. Ruwa kuwa yayyafa shi ake yi. Kwaɓin zai yi miki kamar bai haɗu ba, zuciyarki ta ce ki ƙara ruwa. Kada ki ƙara. Ɓarzo a hankali yake shan ruwa, cikin dare zai haɗe kansa. Ki danna shi wuri guda, ki shafa mai a sama, ki rufe.

Na san akwai masu sa yis don ya tashi cikin ƴan awoyi. Ni ba na kiran wannan alkaki, ba shi da ɗan tsamin nan da ke karya zaƙin sukari, ga shan mai. Nono ya fi, kuma ya fi araha. Da bazara kwana 1 ya isa. Da hunturu, sanyin garin nan sai ya sa ya ƙi motsi, don haka ki lulluɓe robar da bargo a cikin ɗaka, wani lokaci sai ya kwana 2. Hanci ne zai gaya miki: ƙamshin tsami zai tashi, saman ya ɗan tsattsage, ki danna ki ji ya saki.

Da safe ki jiƙa ƴar kanwa, ki tace, ki riƙa zubawa cokali cokali kina cuɗawa. Kanwa ba ta da tsada a wajenmu tunda daga ƙasar Manga take zuwa, amma arha ba dalilin cikawa ba ne, tana yin yawa sai ɗaci da baƙi. Ki kirɓa a turmi har ya yi danƙo. Ki murza kaɗan ya yi tsawo, kaurin ɗan yatsa, ki lanƙwasa. In ya karye, ki barbaɗa fulawa tafi ɗaya ki sake kirɓawa. Ki soya guda ɗaya tukuna ki gani kafin ki naɗe sauran, siffar lamba 8 ko naɗin da kika iya.

Ruwan sukari kuwa, ki haɗa shi ya sauka kafin ki fara suya: sukari kilo 1, ruwa rabin lita, da jiƙaƙƙiyar tsamiya da aka tace ko lemon tsami 2, don tsamin ne ke hana shi ƙanƙarewa ya yi fari a jikin alkaki. Ki ɗiga kaɗan ya huce, ki taɓa da yatsu biyu, in ya ja zare ki sauke. Mai hali ta sa zuma, sai dai kuɗinta ya ninka.

Wuta matsakaiciya, mai da yawa, kada ki cika kasko, kada ki juya sai ƙasan ya kama. Ya yi ja, ki tsame da matsami ki tsunduma cikin sukarin yana da zafinsa, shi kuma sukarin da ɗumi. Kafin na gaba ya soyu wannan ya sha, ki kwashe a kwando ya tsane. Sai ya huce sarai za ki jera a kwano mai murfi, in kin rufe da ɗumi gumi zai saukar masa da laushi.