Darasi na 9: Jini a Kashin Kyanwa da Lokacin Zuwa Wurin Likitan Dabbobi

Da wuya mutum ya bi layi a Makka ko Jidda bai ci karo da kyanwa ba. A gidajen mutanenmu, daga Shari'u Mansur da ke Makka har unguwannin kudancin Jidda, wata kyanwar 'yar ɗaki ce, wata kuma a bakin ƙofa take, ana zuba mata ragowar abinci har ta zama ta gidan. Ko wacce iri ce, muddin a hannunmu take ci, haƙƙinta yana wuyanmu. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci ba. Kula da ciwonta ma yana cikin wannan haƙƙi.

Kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo. Idan ba ta jin daɗi, sai ta lafe a lungu ta yi shiru. Ga shi kuma tana binne kashinta. Don haka wanda ke kwashe yashin da take bayan gida a ciki, shi ne yake fara ganin alama. Kada a kwashe ido rufe. A tsaya a duba.

A fara duba launi

Jinin da ake gani a kashin kyanwa iri biyu ne, kuma ba daga wuri ɗaya suke fitowa ba.

Na farko ja ne wur, sabo. Wani lokaci ɗigo ne a ƙarshen kashin, wani lokaci zane-zane ne a jikinsa, ko ya zo haɗe da majina mai yauƙi. Wannan daga ƙasa yake, wato babban hanji ko dubura. Bai yi doguwar tafiya ba, shi ya sa bai sake launi ba.

Na biyu ba ya kama da jini ko kaɗan, shi ya sa mutane ba sa tsorata da shi, alhali ya fi hatsari. Kashin ne zai fito baƙi ƙirin, mai danƙo kamar kwalta, da wari na daban. Wannan jini ne da ya zubo tun daga tumbi ko ƙaramin hanji, ya narke tare da abinci kafin ya fito. Duk wanda ya ga irin wannan, ba maganar jira.

Me ke kawo shi?

Tsutsar ciki tana kan gaba, musamman ga 'ya'yan mage da kuma wadda ke fita yawo. Akwai macijin ciki, wanda akan gani a amai ko a kashi. Akwai wata siririya da ido ba ya gani sosai, tana maƙale wa bangon hanji tana tsotsar jini, har ta ƙarar da jinin ɗan mage. Akwai kuma farar tsutsa da ke fitowa gutsi-gutsi, girman ƙwayar shinkafa, a gindin wutsiya. Ita wannan ta hanyar ƙuma ake ɗaukarta: kyanwa tana lasar jikinta, sai ta haɗiye ƙumar da ke ɗauke da ita. Bayan tsutsa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin cuta da ke sa zawo da majina, waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu, kuma maganin tsutsa na yau da kullum ba ya kashe su. Wannan ne ya sa awon kashi yake da amfani.

Sai abinci. A nan kam laifin namu ne. Ragowar kabsa da mandi suna cike da mai da kayan yaji, ga albasa da tafarnuwa, waɗanda ke lalata jinin kyanwa. Ƙashin soyayyar kaza yana tsagewa ya yi tsini, ya kakkarce hanji ko ya tsaya a hanya. Madarar shanu da muke ɗauka gata ce, yawancin manyan kyanwowi ba sa iya narkar da ita, zawo take sa su. Ko abincin kyanwa na kanti ne, idan aka sauya iri dare ɗaya ciki yakan ɓaci. A riƙa haɗa sabon da tsohon, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har mako guda.

Taurin kashi ma yana kawo jini. A zafin ƙasar nan, inda bazara ke haura digiri 40, kyanwar da ke cin busasshen abinci ba ta samun isasshen ruwa takan yi ta yunƙuri, kashin ya fito a bushe da ɗan jan jini a jikinsa. Tsohuwar kyanwa kuwa, idan jinin ya ƙi tsayawa tana kuma rama, likita zai duba ko kumburin hanji ne ko ƙari.

Akwai abubuwa uku da nake so a riƙe da kyau, domin su ne masu kisa da sauri.

Gubar ɓera. Wani irinta yana hana jini daskarewa, kuma ba ya nuna kansa nan take. Sai bayan kwana 3 zuwa 5 kyanwa ta fara kasala, dasashinta ya yi fari, jini ya fara fita ta kashi, ko fitsari, ko hanci. A lokacin masu gida sun manta an sa guba a bayan firji. Yana da magani, bitamin K1, wanda likita ke bayarwa na makonni, amma sai an kai ta da wuri. A tafi da kwalin gubar, don iri-iri ce, kuma ba magani ɗaya ake yi musu ba.

Zare. Gidajenmu ba sa rabuwa da ɗinki, kyanwa kuma tana son wasa da zare. Idan ta haɗiye shi, wani lokaci har da allura, bakinsa ɗaya yakan naɗe a gindin harshe, sauran ya bi hanji yana yanka shi. Idan aka ga zare yana leƙowa ta baki ko ta dubura, kada a ja. Ja ɗaya yana iya huda hanji. A bar shi yadda yake, a tafi asibiti.

Sai annobar 'ya'yan mage, wadda likitoci ke kira farbo. Ƙwayar cuta ce mai saurin yaɗuwa, tana kama waɗanda ba a yi wa rigakafi ba: zazzaɓi, amai, zawo har da jini, ɗan mage ya zauna gaban kwanon ruwa ya kasa sha. Tana iya zama a jikin kwanuka da kuma a ƙasa har shekara guda.

Karatu

A karanta wannan hira da babbar murya, mutum biyu-biyu.

"Umma, ɗan magen nan tun jiya bai ci komai ba. Yanzu na kwashe yashinsa na ga jini."

"Subhanallahi. Kawo shi in gani. Kai, jikinsa ai da zafi. Ɗauko mini Panadol a jakata in ɓantara masa rabi."

"Ki yi haƙuri, Umma, kada a ba shi. Malaminmu ya ce Panadol guba ce ga kyanwa."

"Maganin da nake ba jikokina?"

"Shi fa, Umma. Jikinsu ba irin namu ba ne."

"To, Allah ya tsare. Me za a yi masa ke nan?"

"Bari in ɗaga leɓensa. Kin ga dasashinsa? Fari fat. Ga shi ƙarami, bai fi wata biyu ba. Yau za a kai shi."

"Yau Juma'a ce fa, ɗan nan."

"Zan buga waya in ji wanda ke buɗe. In ba a samu yanzu ba, bayan la'asar."

"To, maza. Samo kwali ka shimfiɗa masa tsumma. Allah ya ba shi lafiya."

Maganin mutum ba na kyanwa ba ne

Tausayi ne ya sa uwar nan ta nemi Panadol, kuma haka mafi yawanmu za mu yi. Amma hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol, wato sinadarin da ke cikinsa. Ƙwaya ɗaya ta babban mutum, mai miligiram 500, tana iya kashe ta. Jininta sai ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Asfirin da Brufen da Voltaren kuwa gyambo suke yi a tumbi, su ɓata ƙoda, su ne ma kan jawo baƙin kashin da muka ambata. Maganin tsayar da zawo na mutane, da ragowar kafso da ke cikin durowa, da jiƙe-jiƙen gargajiya, duk a bar su. Haka maganin ƙuma na karnuka: wasu suna ɗauke da sinadarin fametirin, wanda ke sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya.

Batun zafin jiki kuma, a sani cewa kyanwa mai ƙoshin lafiya zafinta digiri 38 zuwa 39 ne, na mutum kuwa 37. Ko lafiyarta ƙalau, hannunka zai ji ta da ɗumi. Da hannu ba a gane zazzaɓinta.

Idan an riga an ba ta wani magani, a gaya wa likita gaskiya, da sunansa da lokacin da aka ba ta. Ɓoyewa don kunya yana iya cin ranta, domin maganin gubar Panadol ya fi aiki a sa'o'in farko.

Wanda zai iya jira da wanda ba zai jira ba

Babbar kyanwa da aka ga ɗigon jan jini sau ɗaya a kashinta, tana cin abincinta, tana shan ruwa, tana wasa, dasashinta ja-ja-ja, ana iya sa mata ido kwana ɗaya. A tsare ta a gida, a daina ba ta ragowar abinci da madara, a dafa mata tsokar kaza ba ƙashi, ba gishiri, ba albasa, a ajiye ruwa mai tsabta a wuri biyu ko uku. Kada a hana ta abinci da sunan hutar da ciki. Kyanwa, musamman mai ƙiba, idan ta yi kwanaki ba ta ci ba hantarta takan lalace. Idan jinin ya sake fitowa washegari, ko ya tafi ya dawo, a kai ta.

Amma a tafi a ranar, ko da dare ne, idan kashin baƙi ne, ko jinin da yawa, ko gudan jini ne ke fita. Haka idan tana amai a kai a kai, ko ta yini ta kwana ba ta ci ba, ko ta kwanta ba ta iya tashi, ko dasashinta ya yi fari ko rawaya. Haka idan ana zaton ta ci guba ko ta haɗiyi zare. A kama fatar da ke tsakanin kafaɗunta a ɗaga a hankali a saki: idan ba ta koma nan take ba, ruwan jikinta ya ragu. Ɗan mage da tsohuwar kyanwa da mai ciki kuwa ba a yi musu jiran kwana ɗaya. Ɗan mage jikinsa ƙarami ne, zawon yini guda yana iya kayar da shi.

Wani abu da ake yawan ruɗewa a kai shi ne muzurun da ke ta zarya wurin yashi, yana tsugunawa yana nishi yana kuka, ba abin da ke fita sai ɗan ɗigo da jini. Masu gida sai su ce kashi ne ya ƙi fita. Sau da yawa fitsari ne ya toshe, kuma wannan yana kashe muzuru cikin kwana 2 zuwa 3. A kai shi a wannan sa'a.

Shirin tafiya

A ɗauki hoton kashin da waya kafin a kwashe. A ɗebi sabo, kimanin ƙaramin cokali, a ƙulle a leda mai tsabta, a tafi da shi. A sa kyanwar a kwandonta ko kwali mai huji, a rufe da kyau, kada a rungumo ta a hannu, don ƙarar mota tana sa ta ƙwace ta gudu. Kada a bar ta a mota a kulle ko na minti kaɗan ne.

Asibitocin dabbobi a nan yawanci na kuɗi ne, kuma farashi ya bambanta. Ba abin kunya ba ne a tambayi kuɗin ganin likita da na awo tun a waya, a kuma gaya wa likita iyakar ƙarfin aljihu, don ya fara da abin da ya fi muhimmanci. Wanda Larabcinsa bai yi ƙarfi ba ya tafi da yaron gida mai ji. Likita zai taɓa cikinta, ya auna zafinta, ya duba kashin a madubi. Idan ya ga dalili zai ɗebi jini ko ya yi hoton ciki, ko ya yi mata ƙarin ruwa. Maganin da ya rubuta a ba ta har ya ƙare, ko da ta warware tun kwana na biyu. Kafin a fito a tambaye shi rigakafi: ana fara wa ɗan mage allura yana da mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16. Babbar kyanwa mai fita waje kuma a ba ta maganin tsutsa duk wata 3, a kuma riƙa yi mata na ƙuma.

Kare mutanen gida

Wasu cututtukan da ke kashin kyanwa suna kama mutum. A kwashe yashi kullum, da safar hannu ko leda, a wanke hannu da sabulu. Mace mai juna biyu ta bar wa wani wannan aikin, saboda wata ƙwayar cuta da ke iya taɓa ɗan da ke ciki. Yara masu rarrafe kada su kusanci wurin. A ware marar lafiya daga sauran kyanwowi, da kwanonta daban. Wajen wanke wurin, a zuba Clorox murfi 1 cikin ruwa murfi 32, a bar shi minti 10, a ɗauraye, a bari ya bushe. Kada a gauraya shi da wani ruwan wanki. Dettol kuwa a nisanta shi da kwanonta da makwancinta, domin tana lasar ƙafafunta, kuma yana cutar da ita.

Aikin aji

A amsa da baki: mene ne bambancin jan jini da baƙin kashi? Me ya sa ba a jan zare? Waɗanne kyanwowi ne ba a yi wa jiran kwana ɗaya?

Sannan kowa ya ɗauki littafinsa ya rubuta takardar da zai miƙa wa likita. A sa shekarun kyanwar ko watanninta, ranar da aka fara ganin jinin, launinsa, sau nawa ta yi zawo ko amai, abin da ta ci a kwana ukun da suka wuce, ko an sa gubar ɓera a gidan, da ko an ba ta wani magani. A ƙasan takardar a rubuta lambar wayar asibitin dabbobi mafi kusa da unguwarku da lokutan da yake buɗewa. Wanda bai san lambar ba ya tambayo kafin darasi na gaba.